Kulu da Ƙwan Masu Hannu Goma

Ranar suna, da wanzami ya zo aske jaririyar Kulu, sai ya tarar da ita tsaye ta dafa bango, da haƙora shida a baki, tana miƙa hannu za ta fizge masa zabira. Ya naɗe kayansa ya fita da baya da baya, ko goronsa bai tsaya karɓa ba, kuma in ka ga wanzami ya bar goro da naman suna, to ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Kafin wani satin ya zagayo yarinyar na gudu tana surutu. Ran da ta cika wata guda ta kai 'yar shekara shida, tana ɗebo ruwa a tulu. Marka aka sa mata, don tsakiyar marka aka haife ta.

Kulu ta binne 'ya'ya biyu kafin wannan. Saboda haka da mata suka fara cewa ai girman ɗa da wuri albarka ce, ita lissafi ta zauna ta yi da yatsunta. Wata ɗaya shekara shida. Ta ƙirga har wata goma sha biyu, ta samu shekara saba'in da biyu. In aka tafi a haka, kafin damina ta dawo 'yarta ta tsufa ta mutu.

Ita da mijinta Nomau Sarkawa ne, masuntan kogi tun kaka da kakanni. Da koginsu ya janye, kifi ya yi ƙaranci, suka bi ruwa da 'yan'uwansu suka yi ta gangarawa kudu har inda kogi ya faɗa teku, suka kafa bukkoki a kan wani yashi da suka kira Tungar Gishiri. A nan Nomau ya fara jawo wata halitta da ko a mafarki bai taɓa gani ba. Ba ƙaya, ba ɓawo, jiki sulɓi kamar jakar fata, hannaye goma a ka, biyu sun fi sauran tsawo, ga baki irin na aku a tsakiyarsu. In ka taɓa shi ya sauya launi, in ka matsa masa ya feso maka baƙar tawada a fuska. Suka sa masa kifin tawada.

Akwai wata guda a shekara da manyan kifayen nan ke taruwa a wani gurbi kusa da gaɓa, kai ka ce kasuwa ce ke ci. A watan nan mutanen ƙasar kan kife jiragensu su zauna gyaran taru. Nomau ya dube su ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin ragwaye irin waɗannan ba, abinci na kiransu suna ɗinki. Bai tambayi kowa ba, don Basarke bai yarda akwai wanda zai koya masa ruwa ba. Ya rataya fitila a goshin jirgi, kifayen suka yi ta tururuwa zuwa haske, shi da 'yan'uwansa kuma suka yi ta kwasa. Kada ka ce mugaye ne. Dokar iyayensu suka bi sau da ƙafa: ƙaramin kifi a mayar da shi ruwa, babba a ɗauka, ai ya riga ya hayayyafa. Kulu da tsohon cikinta ita ke bandar kifin. Duk wanda ta fede sai ta tarar da cikinsa dam da ƙwai, ta soya ta ci, tana cewa ko ƙwan giwan ruwa bai kai wannan gardi ba.

Da Marka ta cika wata biyu, an sha rubutu, an yi turare, an yanka abin da za a yanka, yarinya sai tsawo take yi. Ranar da Kulu ta ga zanen da ta ɗaura mata da safe ya ɗage da la'asar, ta fita ba mayafi ta nufi bukkar wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai dafa gishiri, wadda ke jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta zube a gabanta.

"Iya, ki rufa mini asiri. Me muka taka a ƙasar nan?"

Tsohuwar tana juya tukunyarta ta ce, "Mun ɗaga muku hannu, kun ɗauka gaisuwa ce. Ni ban da magani. Masu hannu goma suna da birni a ƙarƙashin gurbin da kuka share. Je ki gaya musu da bakinki."

Ta ciro wani abu siriri, garau kamar gilashi, mai siffar alƙalami. Ƙashin bayan kifin tawada ne, shi kaɗai ne ƙashi a jikinsa. Ta ce Kulu ta sa shi ƙarƙashin harshe, ruwa zai zama mata iska, kuma za ta ji maganarsu.

Nomau ya rantse shi zai tafi, shi ya jawo. Tsohuwar ta ce wanda ya riƙe fitila ba ya wuce ƙofar farko da rai. Haka ya tuƙa matarsa da rana tsaka zuwa gurbin, yana kuka kamar ba namiji ba. Kulu ta ce, "Malam, bar kukan nan, ka kula mini da ita. Kada ka bari a yi mata dariya." Ta yi bisimilla ta faɗa ruwa.

Abin da ta fara isa daji ne, amma na taru. Duk tarun da ya taɓa tsinkewa daga hannun masunci a nan yake, a tsaye, yana kamun da ba mai zuwa kwasa. Kunkuru da kifaye sun maƙale sun mutu a ciki. Tana shiga zaren ya naɗe mata ƙafa da wuya. Da wata ce ta yi ta fizga har ta shaƙe, amma Kulu a gindin masu saƙar koma ta girma. Ta tsaya cik, ta lalubo ƙullin farko, ta bi shi ido bayan ido tana warwarewa, har farcenta biyu suka fita. Ta wuce.

Daga nan haske ya ƙare, sanyi ya fara cin ƙashi. Can sai ga fitilu sun kunno ta ko'ina, masu kyau, masu ɗumi. A cikin mafi kusa ta hango ɗakinta, ga Marka jaririya a kan gado tana wutsil-wutsil da ƙafa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Kulu ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ba. Wani abu ya tsaga mata tafi, ta duba, ashe ƙarƙashin kowace fitila ƙugiyoyi ne jere kamar haƙoran mataji, igiya ta yi sama. Ta fizge hannunta da ƙyar, ta runtse ido, ta nutsa cikin duhun da ta fi tsoro. A ranta ta ce, ashe haka suke ji.

Ba ta buɗe ido ba sai da ƙafarta ta taɓa ƙasa. Gabanta ganuwa ce ta farin dutse, a bakin ƙofa kuma ga wani kifin tawada wanda tsawonsa ya fi jirgi uku, idonsa ɗaya ya kai faifai. Bai buɗe baki ba. Launuka ne suka riƙa gudu a fatarsa, ja ya bi fari, fari ya bi shuɗi, ita kuwa tana jin su a kunnenta kamar magana.

"Ke mai hannu biyu da zuciya ɗaya, me ya kawo ki inda ba a gayyace ki ba? Ina jin ƙaurin 'yan'uwana a gashinki."

Kulu ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ban zo musu ba. Ni na banda su, ni na ci ƙwansu. Uwa ce ni, na zo roƙo."

"Da kin yi ƙarya da na raba ki goma," in ji shi. "Shiga. Amma kada ki ƙara ce wa kowa ransa ya daɗe a birnin nan. Zagi ne."

Birnin ya fi duk garin da ta taɓa gani faɗi, kuma ba kowa. Tituna shiru. Ko'ina rumfuna ne na murjani, an yi su don rataya ƙwai, dubu bisa dubu, duk wayam. Ta yi ta tafiya har ta isa wani zaure, ta tarar da sarauniyarsu, Magajiyar Zurfi, kwance a kan dutse. Fatarta ta koɗe ta yi fari fat, jikinta ya zube. A tsakanin hannayenta tana rungume da wani ƙunshi baƙi mai girman buhun gero, cike da ƙwai masu ƙyalli.

Kulu ta faɗi ta yi gaisuwa, ta kwashe labari ta faɗa, ta ƙare da cewa, "Allah ya ba ki nasara, wallahi ba da mugunta muka yi ba. Duk ƙaramin da ya shiga komarmu mun mayar. Manya kawai muka ɗauka, yadda iyayenmu suka koya mana."

Wani ja mai duhu ya ratsa jikin Magajiya. "Shekara nawa giwan ruwanku ke yi?"

"Yakan yi ashirin."

"Sau nawa yake zuba ƙwai?"

"Duk cikar kogi."

"To dube ni. Ni ce mafi tsufa a birnin nan, watana goma sha ɗaya. Shekara ɗaya aka ba mu. Sau ɗaya muke girma, sau ɗaya muke taruwa, sau ɗaya muke zuba ƙwai, sai mu mutu. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin uwarsa. Manyan da kuka kwashe ba su riga sun haihu ba, haihuwar suka zo yi. Kun zo da dokar kogi kun yanka teku da ita."

Kulu ta sunkuyar da kai. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan ba maganar da za ka faɗa wa wanda ka ƙarar da danginsa ba ce.

"Ina cikin waɗanda suka tsira, ni na ɗora wa 'yarki kwanakinmu," in ji Magajiya, "don ku iya ƙirga irin tamu. Yanzu watan 'yarki uku. Hanyar da kika biyo ta ci wata guda."

"Ki ɗora mini, ki sauke mata!" in ji Kulu. "Ki kwashe nawa kwanakin duka!"

"Me zan yi da su? Ba kwana nake nema ba, hannu nake nema. Wannan ƙunshin shi ne abin da ya rage na gidanmu. Sai an riƙe shi wata biyar nan gaba, ba ajiyewa, ba ci, ba barci, ana motsa shi ruwa na ratsa shi. In ya taɓa ƙasa ya ruɓe. Ni kuwa ba zan kai jibi ba. Ki karɓa. Ran da ƙwan farko ya fashe, kwanakin 'yarki za su koma tafiyar 'yan Adam. Amma ki sani, abin da aka riga aka ci ba ya dawowa."

Kulu ta sake ƙirgawa da yatsunta masu jini. Wata biyar, shekara talatin. Ta yi kururuwa, ta yi magiya a rage, ta ce ko wata biyu. Magajiya ta ce ƙwai ba ya jin magiya. Sai Kulu ta share fuska ta miƙa hannu biyu, aka ɗora mata abin da aka saba riƙewa da goma.

Kafin Magajiya ta cika, ta tattara ƙarfinta ta feso tawadarta ta ƙarshe. Tawadar ba ta watse ba, ta tsaya a ruwa kamar allo, a cikinta Kulu na ganin Tungar Gishiri. Wai don ta ɗebe mata kewa aka yi. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce wannan ya fi sanyin da yunwar azaba.

Ta ga Marka budurwa, doguwa, kyakkyawa, tana wasan ƙasa da yara 'yan shekara uku don su ne sa'o'in hankalinta. Ta ga samari sun fara zarya a ƙofar gida, Nomau ya kore su da filafili. Ta ga yarinyar kullum da yamma tana zuwa bakin ruwa ta tsaya. Nonon Kulu ya cika ya yi tauri, ya yi ta zuba a ruwan gishiri, daga baya ya ƙafe. Ƙunshin kuwa nauyi yake ƙarawa. Ba ta san yadda masu hannu goma ke motsa ƙwansu ba, sai ta yi abin da ta iya. Ta rungume shi a ƙirji tana jijjigawa, tana bubbuga shi a hankali, tana yi masa waƙar raino da ba ta samu ta gama yi wa tata 'yar ba.

A wata na biyu mai gadin ƙofa ya shigo, shi ma ya koɗe. Ya ce, "Mai hannu biyu, kwanana ya ƙare. Daga yau ba mai tsare ki." Ya kwanta gefen zaure bai ƙara motsi ba. Duk wanda ya san da alkawarin ya mutu. Kulu ta rage ita kaɗai a birni, ba ta ma da wanda za ta tambaya ko maganar na nan.

Sai ga wani aljanin zurfi ya shigo ta ƙofar da ba mai gadi. Haɗiyau ake ce masa, don duk jikinsa baki ne, sai 'yar wutsiya a baya. Ya kewaye ta sau uku, ya yi sallama cikin ladabi kamar mutumin kirki.

"Baiwar Allah, wa kike wa wannan bauta? Masu alkawari sun zama ƙasa. Dubi allonki."

Ta duba. Marka ta zama cikakkiyar mace, ta kai shekarun Kulu. Tana zaune a bakin ruwa ta haɗa kai da gwiwa.

"Yau kanku ɗaya," in ji Haɗiyau. "Gobe ta girme ki. Ki sakar mini ƙunshin nan, in ɗauke ki a bayana, kafin ƙiftawar ido kina gida. Wata bakwai ya rage mata. Ki yi su tare da ita, ki yi mata kitso, ki ji muryarta. Ko kuwa ki zauna nan a kan maganar matacce, ki koma ki tarar da kabari na uku?"

Wallahi hannun Kulu ya saki. Ƙunshin ya zame har cinyarta, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. A nan ta ji wani abu ya motsa a jikin fatarta, ɗis, ɗis, kamar yadda ɗa ke shuri a ciki. Ta duba, sai ga idanu ƙanana a cikin kowane ƙwai, dubbai, duk suna kallonta. Ta tare ƙunshin da gwiwa ta mayar ƙirji.

"Wata bakwai ba rai ba ne," ta ce. "Na binne biyu, na san yadda ake yi. Wannan ita za ta binne ni. Tafi ka ba ni wuri."

Ladabi ya ƙare. Haɗiyau ya wage baki ya auko. Ba ta da hannun kare kai, sai ta juya masa baya ta duƙunƙune a kan ƙwan. Ya yage mata kafaɗa, ya tafi, ya dawo. Haka suka yi ta yi har wata uku. Ta daina kallon allon tawada tun ranar da ta ga farin gashi na farko a goshin Marka. Ta daina jin hannayenta. Waƙar ma ta ɓace mata, sai jijjigar kawai ta rage.

Ran nan ta ji wani ɗan sauti, ɗas. Wani abu kamar ƙwayar shinkafa ya fito daga ƙunshin, da hannayensa goma cif, ya tsaya a gaban hancinta ya yi ja, ya yi fari, ya feso tawadar da ba ta kai ɗigon alƙalami ba. Sai na biyu, sai na ɗari, sai ƙunshin ya fashe gaba ɗaya. Zauren ya cika da su, suna walƙiya, har Haɗiyau ya ruɗe ya rasa inda zai sa baki ya gudu. Suka taru a ƙarƙashinta suka ɗaga ta. Suka wuce da ita ta gefen fitilu, suka ratsa dajin taru ta wata kafa da ita ba ta gani ba da, suka ajiye ta inda ƙafarta ke taɓa yashi. Ba su ce mata komai ba, ba su riga sun iya magana ba.

Hantsi ne. Ta tofar da ƙashin, ta fito tana tangaɗi, hannayenta a lanƙwashe a ƙirji sun ƙi miƙewa. Jiragen tunga duk a kife suke. Nomau ne ya fara ganinta, ya rame kamar kara. Ya rugo yana kiranta.

"Kulu! Girman ya tsaya! Da kullum sau uku nake yanke mata farce. Tun shekaranjiya bai ƙara tsiro ba!"

Ita kuwa idonta na kan ƙofar bukkarsu. Wata mace ce zaune a kan turmi, mai kusan shekara hamsin, furfura ta cinye rabin kanta, fuska ta fara tattarewa. A hannunta akwai 'yar tsanar kara. Duk wanda ya gan su zai ce ita ce uwar, Kulu ce 'yar. Matar ta ɗago, ta yi ta kallonta.

"Inna," ta ce, "kin daɗe."

"Na daɗe."

"Yara sun daina wasa da ni. Wai Goggo suke ce mini. Inna, wai na tsufa?"

Kulu ta ji kamar an zare mata rai. Ta so ta rungume ta, hannu ya ƙi buɗewa. Sai ta juya mata baya ta durƙusa.

"Zo ki hau."

"Na yi nauyi, Inna. Za a yi mana dariya."

"Watanki takwas," in ji Kulu. "'Yar wata takwas a baya take barci. Malam, miƙo zane ka ɗaura mana, hannuna ba ya yi."

Nomau ya ɗaura, yana sharar hawaye da kafaɗa. Kulu ta yunƙura ta faɗi a kan gwiwa, ta sake yunƙurawa ta miƙe, ƙafafun Marka na jan yashi. Duk tungar ta fito ta tsaya, ba wanda ya yi dariya. Ta fara kai da kawowa a ƙofar bukka tana jijjiga ta. Ba a jima ba kan mai furfura ya kwanta a kafaɗarta, 'yar tsanar ta faɗi ƙasa.